Gangunan Baba da Simbal Ɗinsu: Nawa Za Su Yi, Kuma Ina Zan Sayar?

"Malam, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana saitin gangunan bature da ya yi kiɗa da su a otal-otal na Jos tun kafin a haife mu. Sun fi shekara 20 a ɗakin ajiya a gidanmu na Bukuru. Ganguna huɗu ne, an rubuta Premier a jikinsu, da simbal huɗu, wato farantan ƙarfen nan da ake bugawa tare da ganguna. Babban simbal ɗin yana da wata da tauraro da rubutu kamar na ajami, ya yi baƙi ƙirin. Na sayo sabuwar fata don gangar nan mai ƙafa uku, ta ƙi shiga. Wani makaɗin coci ya taya duka naira 180,000, ƙanena kuma ya ce ya ga irinsu a intanet na miliyoyi. Wa zan bi? In wanke su tas in ɗauki hoto in sa a Jiji, ko in sallama wa mutumin?"

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. Tambayarka, in na fahimce ta, biyu ce a haɗe: me ke hannunka, kuma wa zai biya kuɗinsa. Mai tayin nan da ƙanenka duk suna iya zama masu gaskiya, don ba kasuwa ɗaya suke kallo ba. Shi makaɗin yana son abin da zai buga ranar Lahadi, ƙanenka kuma ya leƙa kasuwar masu tara tsofaffin kayan kiɗa a Turai da Amurka. Na daɗe ina gyaran ganguna da dillancinsu tsakanin Jos da Abuja, kuma kafin komai ga abu biyu da nake roƙonka. Kada ka wanke komai. Kada kuma ka sayar da kayan a dunƙule sai ka san sunan kowane ɗaya. Sannan tunda kayan gado ne, ka sanar da sauran magada kafin ka sa hoto a ko'ina. Na ga cinikin da ya rushe bayan an biya kuɗi, saboda wata 'yar'uwa a Kaduna ba ta ji labari ba.

Fatar da ta ƙi shiga

Wannan abin da ka ɗauka matsala ce, shi ne shaida mafi amfani a cikin wasiƙarka. Premier kamfanin Ingila ne, an kafa shi a Landan a 1922. Har zuwa wajen ƙarshen shekarun 1960 suna ƙera wasu gangunansu da awon kansu, wanda bai yi daidai da na Amurka da duniya ta koma bi daga baya ba. Gangarsu da ake kira mai inci 16 ta ɗan ɗara inci 16, shi ya sa fatar yau ba ta zama a bakinta. Mai inci 12 da babbar gangar ƙafa mai inci 20 su kuma sun ɗan gaza. In haka ne, gangunan Baba sun haura shekara 50, kuma wannan ya dace da lokacin da ka ce ya yi kiɗa.

Amma kada ka yi saurin murna, don akwai wani dalilin da kan hana fata shiga: katakon ya murɗe. Ɗakin ajiya a Filato ba ya tausayin katako. Damina ta jiƙa shi, hunturu ya busar da shi, shekara 20 ana wannan ja-in-ja. Ka cire zoben da tsohuwar fatar, ka ɗauki tef ɗin tela ka auna faɗin bakin katakon a wuri uku ko huɗu, kana gilmawa ta tsakiya. In awon ya zo ɗaya a ko'ina kuma ya ɗan wuce inci 16, tsohon awon Premier ne. In wani gefe ya fi wani da sama da milimita 3, gangar ta zama ƙwai, wannan kuwa aibi ne da ke kayar da kuɗi. Ka duba kusoshin da ke ɗaure fatar kuma. Na tsofaffin Premier kansu tsagagge ne kamar wanda ake kwancewa da sukudireba, ba mai kusurwa huɗu irin na yanzu ba.

Ga inda abin yake da ban haushi. Tsohon awon nan yana tabbatar wa mai tara kayan tarihi shekarun gangar, amma a wurin makaɗin coci ciwon kai ne. Kamfanin Remo yana yin fata mai wannan awo, sai dai ba za ka shiga shago a Ahmadu Bello Way ka ɗauko ta ba, sai an yi odarta daga waje. Wanda ke fasa fata duk wata uku ba zai so wannan wahala ba, kuma yana da hujja in ya rage tayi.

Sauran abin dubawa a jikin gangunan ba shi da wuya. Ka karanta tambarin ƙarfen da ke maƙale a jiki: in Olympic aka rubuta a kan wata, to ita ma ta gidan Premier ce amma ajin masu araha. Ka leƙa ciki da tocila. Farin katako mai ƙarin zobe a baki alama ce ta ƙirar shekarun 1960, jan katako mai duhu kuma sun yi amfani da shi a farkon shekarun 1970, icen Afirka ne, dangin maɗacinmu. Ka nemi garin katako a ƙasa, alamar gara ko ƙwaro. Ka kife kowace ganga a kan gilashin tebur ka ga ko leɓenta ya zauna daidai ko haske na ratsawa. Sai babban abokin gaba, wato ramukan da ba na kamfani ba. Makaɗanmu na da, in mariƙin ganga ya karye, sai su kai wa mai walda ya huda jiki ya ɗaura wani. Kiɗa ya ci gaba, amma a idon mai saye na waje kowane rami kuɗi ne ya zube. Haka in an ɓare rigar robar asali an yi fenti.

Gaskiyar da ƙanenka ba zai so ji ba ita ce, tsofaffin Premier ba sa kai kuɗin takwarorinsu na Amurka, irin Ludwig da Gretsch da Rogers da Slingerland, ko da kuwa aikinsu ya yi kyau, kuma ƙyallin ƙarfensu ya fi na da yawa jure tsatsa. Miliyoyin da ya gani wataƙila na Gretsch ne mai zagayayyen tambari, ko Ludwig na shekarun 1960. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Akwai tulin gangunan Japan na shekarun 1960 da 1970 masu sunaye barkatai da ba su kai kuɗin sabon saitin ɗan koyo ba. Cikin gangunanka huɗu, wadda za ka fi sa wa ido ita ce siririyar nan mai wayoyi a ƙasa, sineya, don ita ake saya ita kaɗai, kuma sau da yawa makaɗi kan haɗa saitin wani kamfani da sineyar wani. In ka ga Ludwig a jikinta, ka ware ta gefe.

Baƙin farantin nan

Yanzu ga inda nake zaton dukiyar take. A sana'armu an saba ganin simbal ɗaya ya fi duk gangunan da ya zo tare da su kuɗi, kuma masu tayin "duka a haɗe" sun san haka sarai. Ban ce mutumin naka macuci ba ne, wataƙila shi ma bai sani ba.

Wata da tauraro da rubutu mai kama da ajami tambarin gidan Zildjian ne, zuriyar Armeniyawa da suka fara wannan sana'a a Istanbul a 1623. Rubutun na Turkancin zamanin Usmaniyya ne, da haruffan Larabci. To amma gidan ya rabu biyu, kuma a nan kuɗi ya rabu. A 1929 wani reshe ya buɗe masana'anta a jihar Massachusetts ta Amurka, su ne masu buga Avedis Zildjian Co. da Made in U.S.A. a ƙarƙashin rubutun. Ɗaya reshen ya ci gaba da ƙira da hannu a Turkiyya har zuwa shekarun 1970, tambarinsu na ɗauke da K. Zildjian da sunan Istanbul ko Constantinople. Na Amurkan na shekarun 1950 da 1960 kaya ne masu kyau, suna da masu nema, amma an yi su da yawa. Na Istanbul ɗin su ne makaɗan jaz ke farauta, kuma babba mai inci 20 ko 22 da ba shi da tsaga yakan haura dala dubu a kasuwar waje. Harafin K kaɗai bai isa hujja ba, don kamfanin Amurkan ma yana fitar da sababbi da wannan harafi. Sunan garin da aka buga a cikin ƙarfen shi ne magana.

Saboda haka ka fitar da farantin rana, ka karkata shi har hasken ya kwanta a kan tambarin, ka karanta abin da ke ƙasan rubutun ajamin. Ka kife shi ka leƙa cikin ƙoƙon tsakiya, tsofaffin na Istanbul sukan zo da sa hannu na tawada a wurin. Ka kuma lura da sawun guduma: na hannu ba ya bin layi, wani babba wani ƙarami, kamar ƙirar maƙeran gargajiya.

Wannan sa hannun na cikin dalilan da suka sa na ce kada ka wanke. Ni kaina na yi wannan ɓarna ina saurayi. Wani dattijo ya ba ni simbal in gyara masa, na ga ya yi baƙi, na samo toka da lemun tsami da soson ƙarfe na dirje shi kamar tukunyar biki. Ya fito yana walƙiya, ina ta jin daɗi. Da dattijon ya zo ya buga shi sau ɗaya, sai ya ajiye sandar ya dube ni, bai ce uffan ba. Tawadar kamfani ta tafi, sautin da ya yi shekaru yana nuna ya koma tsiwa. Baƙin nan da kake gani, masu saye kuɗi suke biya dominsa, yana tausasa amo yana kuma shaida cewa ba a taɓa farantin ba. A bar kaza cikin gashinta. Busasshen tsumma ka share ƙura, shi ke nan.

Sauran ukun fa? Tunda saitin na Ingila ne, kada ka yi mamaki in ka ga Zyn ko Krut, sunayen simbal ɗin da Premier ke sayarwa ne, kuma yawancinsu ba su da tsada. Super Zyn ya fi su daraja. In ka ga Paiste na Suwizalan, ka duba ko an rubuta Formula 602, ko 2002 da baƙar tawada, don 2002 ya fito a 1971 kuma na farkon baƙin rubutu gare su kafin a koma ja. Bambancin duka yana cikin ƙarfen. Simbal na ƙwarai yawanci gauraye ne na jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20, wasu kuma irin 2002 kuzarsu kashi 8 ce. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana bayanin kuza ba, ramukanta na nan kewaye da Bukuru. Na arha kuwa jan ƙarfe ne da tutiya, rawaya kamar kwanon sha, ka buga amon ya mutu nan take. Kuma don Allah ka gargaɗi yaran gida, kada wani ya miƙa wa 'yan gwangwan. Su a kilo suke saye, sikelinsu bai san Istanbul ba.

Aibin simbal uku ne. Tsaga ita ce babba: ka bi gefen da farce a hankali, ka duba kewayen ramin tsakiya, ka bi layukan da ke zagaye da jiki, don tsaga kan ɓuya a cikinsu. Ka rataya shi a yatsa ka ƙwanƙwasa, in ka ji zizar da ba ta dace ba, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Na biyu, ramin tsakiya ya zama kamar ramin makulli saboda gogar ƙarfe, abin da ya zama ruwan dare a nan don ba a damu da sa robar kariya ba. Wannan yana rage kuɗi amma ba ya kashe ciniki. Na uku lanƙwasa da ɓantarewar baki. Bayan haka ka auna faɗi da inci, nauyi kuma da giram a sikelin lantarki, irin na masu yin kek ya isa. Mai saye na gaske tambayarsa ta farko ke nan. A mai inci 20, wanda bai kai giram 2,000 ba shi ake kira marar nauyi, kuma tsofaffin marasa nauyi sun fi samun masu so.

Yadda ake fitar da farashi

Kuskuren ƙanenka shi ne na kowa: ya kalli abin da masu kaya suka sa, ba abin da aka biya ba. Kowa na iya rubuta miliyan goma a ƙarƙashin hoto, kayan su yi shekara uku suna kwantai. A eBay akwai wurin da za ka zaɓi a nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kaɗai, Reverb ma, kasuwar kayan kiɗa ta intanet, tana nuna farashin da aka sallama. Ka rubuta sunan kamfani da awo da zamani, ka tattara biyar zuwa goma masu kama da naka a lafiya, ka jefar da mafi tsada da mafi arha, ka riƙe na tsakiya. Wannan shi ne kuɗin kayan a Landan ko Shikago, a hannun mai sayarwa da aka sani, wanda za a iya mayar masa da kaya in an ga aibi.

Kai kuwa kana Bukuru, sai ka fara ragi. Kamfanonin aika kaya ta jirgi irin DHL ba nauyin sikeli kaɗai suke caji ba, suna lissafin girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5,000. Kwalin babbar ganga mai santimita 65 da 65 da 50 zai tashi a kilo 42, ko da abin da ke ciki bai kai rabin haka ba. Ko ka cire fatu ka zura ƙananan cikin babbar, kamar yadda muke yi, kuɗin jirgin saitin Premier na iya cinye ribar gaba ɗaya. Ka ƙara la'adar dandalin, da wahalar karɓar kuɗi daga waje, da ɗari-ɗarin da baƙo ke yi da sabon mai sayarwa daga Najeriya, abin da ba laifinka ba ne amma kai za ka biya shi. Simbal kuwa falle ne, kilo biyu zuwa uku, kwalinsa siriri. Shi ya sa hukuncina a irin wannan kaya kusan kullum ɗaya ne: ganguna a sayar a gida, simbal mai daraja a nema masa kasuwarsa daban, ko'ina take.

A gida ma masu saye iri biyu ne. Coci-coci da ƙananan ƙungiyoyin kiɗa suna kwatanta kayanka da sabon saitin da za a kawo musu daga kasuwar Alaba ta Legas, mai sheƙi da feda da kujera, don haka ba za su biya kuɗin tarihi ba. Masu situdiyo a Abuja da Legas, da makaɗan da suka yi yawo suka san amon tsohon katako, su ne mutanenka. Ba su da yawa, kuma ba sa zama a Jiji kullum. An fi samunsu a zaurukan makaɗa na WhatsApp da Facebook da kuma Instagram. Ka sa a Jiji ɗin ma, ba laifi, amma ka ba abin wata biyu ko uku. Mai gaggawa shi ke sayarwa da arha.

Kada ka rarraba gangunan kansu. Babbar da ƙananan biyu masu riga iri ɗaya sun fi kuɗi a tare. Simbal biyun nan da ke kife da juna, waɗanda ake takawa da ƙafa, su ma ma'aurata ne, ba a raba su.

Talla da karɓar kuɗi

Hoto a inuwa da safe, a jikin bango marar tarkace. Kowace ganga gaba da baya da ciki, tambari kusa-kusa, simbal a kan sikeli lambar na fitowa, da kowane aibi a fili. Ka faɗi maganar awon fatar da bakinka. Wanda ya gano aibi bayan ya biya zai dawo maka da rigima, wanda ka gaya wa tun farko kuwa ya saya da saninsa. Ka samu makaɗi ya buga kowane simbal a bidiyon daƙiƙa 30, a bar amon ya mutu da kansa, don ba mai son cinikin biri a sama. In akwai tsohon hoton Baba a bayan gangunan nan, ka haɗa, yana ƙara wa mai saye natsuwa. Ka ɗora kaɗan a kan abin da za ka karɓa, ka san mutanenmu, in ba a taya an ce albarka ba, ba a ji an yi ciniki ba.

Wajen kuɗi kuwa, saƙon alat ba kuɗi ba ne. An taɓa nuna mini alat a waya a wata tasha a Abuja, direba na ta hon, na sallami sineya, na dawo Jos na tarar asusuna yadda na bar shi. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar gabanka. Duk wanda ya ce yana ƙasar waje, bai nemi ragi ba, zai turo fiye da kuɗin ka mayar da canji ga "wakilinsa", ka rufe wayarka. Ku haɗu da rana a wurin jama'a, ka je da wani, kada ka kai baƙo gidanku. In za ka aika Abuja ta mota, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce ta Akwanga da Keffi, kuma a but za a cusa kayan tare da buhunan dankali. Ka naɗe kowace ganga da bargo ko katifar soso, simbal kuma ka sa kwali tsakaninsu, ka kare gefensu da tsagaggen tiyo, a tsaye ba a kwance ƙarƙashin kaya ba. Mai saye ya biya kuɗin mota, ku yi wannan magana tun kafin a ɗaure kaya.

Daga wasiƙa ba zan iya yanka maka farashi ba, hoto ma ba ya nuna amo ko tsagar da ta ɓuya, sai na riƙe farantin a hannu na buga shi. Abin da zan iya cewa shi ne, in babban simbal ɗin nan ya fito na Amurka ne mai lafiya, tayin 180,000 a kan komai da komai ya yi ƙasa. In kuwa Istanbul aka buga a jikinsa, to ko shi kaɗai ba a fara maganarsa a wannan kuɗi ba. Ka koma wa makaɗin da mutunci, ka ce masa gangunan da sandunansu na nan in yana so, ya sake tayi a kansu su kaɗai, simbal kuwa iyali ba su yanke shawara ba tukuna. Yadda fuskarsa za ta yi in ya ji haka zai gaya maka ko tun farko gangunan ya zo saye ko farantin. Kafin nan ka turo mini hoton tambarin a hasken rana, da na cikin ƙoƙon, da nauyinsa a giram.